Robar jera haƙora: za ta yi wa yarinyar da ke Marwa aiki alhali likitan yana nesa?

Baban yara, Marwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin haƙori. 'Yata tana da shekara 17. Haƙoranta na ƙasa na gaba sun cushe, biyu sun hau kan 'yan'uwansu, fiƙarta ta sama ta hagu kuma ta ɗan juya ta leƙo waje. Ba ta jin ciwo, sai dai wurin da suka cushe ba ya wankuwa sosai, kuma dasashin wurin yana jini in ta goge. Ta ce ba ta son wayar ƙarfe saboda makaranta, robar nan mai haske take so, wadda ake sawa a cire.

Akwai masu talla a Facebook da suke cewa za su aiko da kayan ɗaukar awon baki, yarinya ta ciza a gida, a mayar musu, su kuma su aiko da robobin duka a kwali ɗaya, ba sai an ga likita ba. Kuɗinsu bai kama ƙafar na kilinik ba. Tambayoyina su ne: robar tana gyara haƙori da gaske ko ado ce kawai? Ta masu aikowa gida tana da matsala? Zafin garin nan ba zai lalata ta ba? Sannan sau nawa za a riƙa zuwa wurin likita, tunda na ji masu wannan aikin yawancinsu a Yawunde da Duwala suke, can kudancin Kamaru?

Likitan haƙori, Garwa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya ta. Robar tana aiki, ba ado ba ce. Kamfanin Align Technology na Amurka ya fito da Invisalign kasuwa tun 1999, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna yin irinta. Amma a cikin bayaninka abin da ya fi tsaya mini a rai jinin dasashin nan ne, kuma da shi za a fara.

Haƙori ba a manne yake da ƙashi ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wani siririn nama mai zare-zare, kaurinsa wajen milimita 0.2, shi ke riƙe da shi. In aka matsa haƙori da ƙarfi kaɗan wanda ba ya yankewa, ƙashin da ke gefen da ake turawa yana narkewa a hankali, ta bayansa kuma sabon ƙashi yana tsirowa ya cike gurbin. Haka haƙori yake tafiya, da waya ko da roba duk ɗaya ne. To in dasashi yana da kumburi, ƙwayoyin cuta sun riga sun fara cin ƙashin, sai a ƙara masa matsi, narkewar ta fi tsirowar sauri. Abin da ke biyo baya shi ne dasashi ya janye, saiwa ta bayyana, haƙori ya fara girgiɗi. Ƙashin da aka rasa ta wannan hanya ba ya dawowa da kansa. Saboda haka kafin a yi maganar roba, a kankare mata dattin da ya daskare a gindin haƙoran, a koya mata amfani da zaren sakace, a cike duk wani kogo, a jira mako 2 zuwa 4 a sake dubawa. In jinin ya tsaya, sai a ci gaba. Wannan duk likitan haƙori na nan Marwa zai iya yinsa.

Bayan nan sai hoton ƙashi na baki gaba ɗaya, wanda ake kira fanoramik. Shi ke nuna tsawon saiwoyi, yawan ƙashin da ke kewaye da su, ko akwai haƙorin da ya maƙale a ciki bai fito ba, da yadda turamen ƙarshe suke kwance. Wasu mutane saiwarsu gajera ce tun asali, kuma motsa haƙori yakan ƙara rage tsawonta kaɗan. Wanda bai ga hoto ba ba zai san da wa yake aiki ba. In haɓa ta shige ciki ko ta fito gaba, ana ƙarawa da hoton kai ta gefe, don a gane ko matsalar ta haƙora ce ko ta ƙashin muƙamuƙi ce. In ta ƙashi ce, roba ba za ta gyara ta ba.

Sai lissafin wuri, wanda masu talla ba sa faɗa. Haƙoran da suka cushe ba su da wurin zama ne, kuma roba ba ta ƙirƙiro wuri daga sama. Ana auna faɗin kowane haƙori a haɗa, a kwatanta da tsawon layin da za su jeru a kai. In ƙarancin wurin bai kai milimita 4 ba, cunkoson ƙarami ne. Daga 4 zuwa 8 matsakaici ne. In ya wuce 8, sau da yawa sai an cire haƙori. Hanyar samo wurin uku ce. Ana iya tura haƙoran gaba su ɗan karkata waje, kowane milimita 1 da suka matsa gaba yana ba da wajen milimita 2 na wuri, amma ƙashin da ke gaban haƙoran ƙasa siriri ne ƙwarai, in aka wuce gona da iri dasashi zai janye. Ana iya faɗaɗa layin ta gefen turame kaɗan. Ana kuma iya goge gefen haƙoran da wani siririn ƙarfe mai kaushi, milimita 0.2 zuwa 0.5 a tsakanin kowane haƙora biyu. Daga fiƙa zuwa fiƙa akwai mahaɗa 5, in an goge 0.3 a kowace an sami milimita 1.5. Gogewar ba ta da zafi kuma ba ta kai ga cikin haƙori in an auna, amma abin da aka goge ba ya dawowa, don haka hannun likita take buƙata.

Kowace roba tana matsar da haƙori wajen milimita 0.25, ko ta juya shi wajen digiri 2. Ana sauya ta duk kwana 7 zuwa 14. Ƙaramin cunkoso yakan ɗauki wata 6 zuwa 9, matsakaici shekara 1 zuwa 1 da rabi, wani ya kai 2.

Haƙoran ƙasa na 'yarka, in cunkoson bai yi yawa ba, irin aikin da roba ta fi iyawa ne, domin haƙoran gaba suna da faɗi, roba tana samun abin kamawa. Fiƙar ce mai wuya. Jikinta a mulmule yake, robar tana zamewa a kanta ba tare da ta juya ta ba, ga saiwarta ita ce mafi tsawo a baki. Dole a manna mata ɗan maɓalli na irin farin cikon da ake cike kogo da shi, launin haƙori, robar ta sami abin turawa. Irin waɗannan maɓallai ana manna su a haƙora da dama, a cire su a ƙarshe. Sauran ayyukan da roba take shan wahala a kansu su ne jawo haƙori ƙasa daga cikin dasashi, da rufe babban giɓin da aka cire haƙori, domin a nan haƙoran sukan kwanta cikin giɓin maimakon su tafi a tsaye. A irin waɗannan waya ta fi.

Yanzu ka duba na masu aikowa gida: babu duban dasashi, babu hoto, babu gogewa, babu maɓalli. Hanya biyu suka rage musu na samo wuri, wato faɗaɗa layin kaɗan da tura haƙoran gaba waje, kuma ta biyun ce mafi haɗari a haƙoran ƙasa. Fiƙar kuwa ba za ta juya ba. Babban kamfanin da ya yi suna da wannan tsari a Amurka, SmileDirectClub, ya rufe a watan Disamba 2023, mutanen da ke tsakiyar aiki suka rasa wanda za su koma wa. Ban ba ka shawarar wannan hanya ba ko kaɗan.

Mai haɗa haƙoran roba, Injamena

Likita ya gama magana a kan baki, ni zan ƙara a kan robar kanta, wadda a kilinik za ka ji suna ce mata gutiyer.

Ana fara ta ne da awo. Ko dai a zagaya bakin da wata ƙaramar kyamara ta ɗauki siffar haƙoran kai tsaye zuwa kwamfuta, ko a ɗauki awo da silikon, wani abu mai laushi da ake cizawa ya daskare da siffar haƙoran. A kwamfuta ake matsar da haƙoran mataki-mataki, likita ya duba ya gyara ya amince. Kowane mataki ana buga masa samfurin baki nasa da na'ura, a gasa fallen roba mai kauri wajen milimita 0.75, a matse shi a kan samfurin da iska, a yanke gefen, a goge shi ya yi santsi. Mataki 20 a sama da 20 a ƙasa samfuri 40 ne da roba 40. Duk suna tasowa ne daga awon farko, in ya karkace duka sun karkace.

Nan ne awon gida yake faɗuwa. Kowace roba milimita 0.25 take matsawa, awon da yarinya ta ɗauka da hannunta kuwa kuskurensa yana iya kaiwa milimita 0.5 cikin sauƙi, ninki biyu na tafiyar da ake nema. Kurakuran da aka fi gani: turmin ƙarshe bai fito ba, kumfar iska ta zauna a bakin dasashi, ko an ciro awon kafin ya daskare ya ja siffar haƙorin. Ko a kilinik ma, Alhaji, ka tambayi da me za a ɗauki awon. Garin nan da ake kwaɓawa da ruwa, aljinat, yana motsewa da zarar ya fara bushewa, dole a zuba masa farar ƙasa cikin 'yan mintoci, a lokacin hunturu ma ya fi saurin bushewa. Bai dace da awon da za a aika wani gari ba. Silikon yana riƙe siffarsa kwanaki, kyamara kuma ta fi duka.

A kuma gama duk wani ciko da kankara kafin awo. In aka yi ciko bayan an ɗauki awo siffar haƙorin ta sauya, robar ba za ta zauna ba.

Maganar zafi. A cikin baki babu abin da zai same ta. A waje ne matsalar take. Daga Maris zuwa Mayu, a Marwa ko nan Injamena, inuwa ma tana wuce digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Robar ba sai ta narke ba, ta ɗan saki kaɗan yadda ido ba zai gani ba ya isa ta daina tura haƙori daidai. Kada a bar ta a gaban mota, ko a akwatin ƙarƙashin kujerar babur, ko a bakin taga, ko kusa da murhu. Robobin da ba a kai gare su ba su zauna a ledarsu a ɗakin da ya fi sanyi, cikin akwatin tufafi. Ba sai an sa a firij ba. Ruwan zafi kuma kada ya taɓa ta, har da ruwan tankin da ya wuni a rana.

Wanki safe da dare, da buroshi mai laushi nata na daban da sabulun ruwa marar launi, a ɗauraye da ruwan randa. Man goge baki yana da ɗan kaushi, yana karce ta ta yi dishi-dishi, datti ya sami wurin maƙalewa. Kada a sa ta a ruwan bilic, kada a goge ta da aswaki ko gawayi.

Wajen sawa, a ɗora ta a haƙoran gaba, a danna da yatsu zuwa baya. Kada a ciza ta don ta shiga, haka take tsagewa. Wajen cirewa, a sa farce ta cikin baki a turmin ƙarshe, a ɗaga gefe ɗaya, a ɗaga ɗayan, sannan a biyo gaba. Mai fizgo ta daga gefe guda zai tsaga ta daidai wurin fiƙa. In bakinta yana yankan harshe, a ɗan goge wurin da abin gyaran farce.

Abu biyu da nake roƙon iyaye su guje wa. Akwai wata roba mai laushi da ake sayarwa a intanet, girma ɗaya ga kowa, da wadda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza. Waɗannan ba robar jera haƙora ba ne. Sannan 'yan mata suna ɗaure haƙora biyu da ƙaramin roban ɗaure gashi don su haɗe. Roban yana zamewa ya shige ƙarƙashin dasashi, ya bi saiwa yana yanke abin da ke riƙe da ita, har haƙoran biyu su fita.

Baban yara, Marwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bar maganar masu aikowa gida. Saura uku. Tana da wushirya a sama, mahaifiyarta ta ce kada a taɓa ta. Sannan yaya za a yi da azumi da alwala? Kuma har yanzu nisan ne yake damuna, daga nan zuwa Yawunde ba tafiyar da za a riƙa yi kowane wata ba ce.

Ma'aikaciyar kilinik ɗin haƙori, Ngaundare

Alhaji, barka da ƙoƙari. Ni maganar sa'o'i zan yi, domin a nan yawancin aikin yake lalacewa. Robar tana son awa 20 zuwa 22 a baki kowace rana. Abin da ya rage wa ci da sha da wanke baki awa 2 ne zuwa 4, duka-duka. In aka cire ta na tsawon lokaci haƙorin yana fara komawa inda ya fito, in aka mayar sai ya sake tafiyar da ya riga ya yi. Mai sa ta da dare kawai kai da komo yake sa haƙoransa.

Ruwa kaɗai ake sha da ita a baki. Shayi shi ne babban abin lura a wajenmu. Yana da zafi, yana rina robar, ga sukari. Yawu shi ke wanke haƙori yana kashe tsamin da sukari yake haifarwa, robar kuwa ta rufe haƙorin, yawu ba ya kaiwa. In shayi ko zoɓo ko lemon kwalba ya shiga ƙarƙashinta, sukarin zai kwanta a jikin haƙori na awoyi. Farin tabo yake fara bayyana a gindin haƙori, daga baya ya zama kogo. A haɗa shayi da lokacin abinci, a sha a gama, a goge baki da man da ke da fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, a bi da zare, a mayar. In tana makaranta babu buroshi, ta kurkure baki sosai da ruwa, ta ɗauraye robar, ta mayar, ta goge in ta dawo gida. Jakarta kada ta rabu da akwatin robar. Yawancin waɗanda suka ɓata an naɗe su ne a takarda ko a gefen mayafi lokacin cin abinci.

Ko an cire roba, maɓallan suna nan. Rake, goriba, aya, ƙashi da busasshen kilishi suna ɓalle su in aka gatsa da haƙoran gaba. A yanka ƙanana a tauna da turame. Goro yana rina gefen maɓallan. Aswaki ba laifi a haƙori, amma a bi a hankali a kewayen maɓalli, kuma bai maye gurbin zare ba.

Azumi kuwa ya fi sauƙi da rana, tunda babu dalilin cirewa. Daga buɗa baki zuwa sahur ne sa'o'i suke zubewa, a ci dabino, a sha kunu, a ɗan jira, a ci abinci, a sha shayi bayan asham, robar tana ajiye tun magariba. Ta haɗa cin ya zama zama biyu da dare da ɗaya na sahur, ta goge baki bayan kowanne. Baki yana bushewa da rana, robar ta yi wari, don haka wankin sahur kada ya wuce ta. Hukuncin azumi da abin a baki na malamai ne, a tambaye su, a bayyana musu cewa ba ya narkewa kuma ba shi da ɗanɗano. Alwala ba ta da wahala, ko ta cire ta kurkure ta mayar sau biyar a rana, mintoci kaɗan ne.

Kwanakin farko harshe zai riƙa tuntuɓe a kan haruffan sin da shin, yawu ya yi yawa. Karatu da ƙarfi yana sa ya saba cikin mako guda. Kowace sabuwar roba tana matsi na kwana 2 zuwa 3. A fara ta da dare kafin barci. In ciwon ya dame ta ta sha farasitamol, shi aka fi so a nan a kan ibufurofen, wanda yawan shansa yana iya rage saurin tafiyar haƙori.

Ra'ayina, Alhaji, ka zauna da ita ka faɗa mata wannan duka kafin ka biya ko sisi. In kana ganin ba za ta riƙe awa 22 ba har shekara guda, waya ta fi mata, domin ita ba a cire ta.

Likitan haƙori, Garwa

Hajiya ta yi gaskiya a kan sa'o'i, amma a maganar waya zan ɗan saɓa mata saboda nisa. Waya tana son a gan ta duk mako 4 zuwa 6, kuma in ƙarfe ya ɓalle ko bakin waya ya soki kunci dole a sami mai gyarawa a kwanakin. Roba ana iya ba da ta wata 2 ko 3 a tafi da ita. Ga yarinyar da ke Marwa, in dai tana da kula, wannan babban dalili ne.

Zuwan da ba makawa guda huɗu ne: na dubawa da awo, na manna maɓallai da gogewa da karɓar robobi, na sake awo in robobin zagayen farko suka ƙare, da na cire maɓallai. A tsakaninsu akwai na dubawa, waɗanda za a iya rage su in likitan ya yarda ya yi aiki da wani likitan haƙori na kusa da ku, wanda zai mayar da maɓallin da ya faɗi ya kuma kankare datti. A daidaita wannan tun farko, a kuma tsara tafiyar da hutun makaranta, tunda sai an bi mota zuwa Ngaundare kafin a kama jirgin ƙasa na dare. Wanda yake Kuseri ya fara tambaya a Injamena, gada ce kawai tsakani. Ko'ina ne, a tabbatar likitan yana da rajista da ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasa, a kuma tambaye shi ko ya yi karatun jera haƙora.

Duk ranar sauya roba ta aika hoto ta WhatsApp. Ta tsaya a haske, ta ja kumatu da bayan cokali biyu masu tsabta, wani ya ɗauka: gaba, dama, hagu, da roba a baki, sannan ba roba tana cije da turame. Abin da ake nema shi ne ratar da ke tsakanin bakin haƙori da ƙasan robar. In robar ta zauna daram, sai a wuce ta gaba. In an ga rata kamar siririn farin wata a ƙarshen haƙori ɗaya, wannan haƙorin ya tsaya a baya. Kada a wuce. A ƙara kwana 3 zuwa 5, tana tauna ɗan guntun roba mai laushi da ake bayarwa tare da su, minti 5 sau 2 ko 3 a rana, daidai kan wurin. In ratar ta kai milimita 1 kuma ba ta rufe ba, a tsaya a kira likita. A fiƙar nan za ku fi ganin haka. Robar da aka gama da ita kada a yar, in ta yanzu ta ɓata ita za a koma wa kafin a ji daga likita. Baki kada ya kwana babu roba.

A kira likita ba tare da jira ba in haƙori ɗaya ya sauya launi, ko ciwo mai bugawa ya hana barci, ko dasashi ya fara janyewa, ko kuma turame sun daina haɗuwa in ta ciza. Ɗan girgiɗi kaɗan lokacin aiki ba abin tsoro ba ne.

In ta tashi a yankin da ruwan rijiya yake da fuloraid da yawa, kamar wasu wurare a Mayo-Tsanaga da ke kusa da Marwa, kuma haƙoranta suna da fari-fari ko ruwan ƙasa, a gaya wa likita. Maɓalli ba ya kama irin wannan haƙori da kyau sai an ƙara shiri.

Wushirya kuma, ku faɗa tun ranar farko, ku sa a rubuta. Masu tsara aikin a kwamfuta sun saba rufe duk wata rata, kuma wurin wushiryar shi ne mafi sauƙin da za su ɗauka su ba fiƙar. Ana iya barin ta, sai dai wurin fiƙar zai fito daga gogewa ko faɗaɗawa, ƙila a ƙara wasu matakai. Kafin a buga robobin likita zai nuna muku hoton yadda bakin zai ƙare. Ku zo da mahaifiyarta ko ku aika mata, a duba wushiryar a wannan hoton kafin a amince, domin bayan an buga gyara sai da sabon awo.

Wajen kuɗi, ku nemi lissafi a rubuce, ku ga ko ya haɗa da hoton ƙashi, da robar da ta ɓata, da zagaye na biyu. Da wuya zagayen farko ya kai kowane haƙori inda aka tsara, yawanci sai an sake awo an ƙara wasu robobi, kuma wannan ba alamar an yi kuskure ba ne. A kuma duba ko ya haɗa da abin riƙewa na ƙarshe. Zaren da ke riƙe da haƙori yana jan sa baya tsawon watanni bayan an gama, fiƙar da aka juya da haƙoran ƙasa na gaba su suka fi kowa saurin komawa. Ana manna siririyar waya a bayan haƙoran ƙasa daga fiƙa zuwa fiƙa, ba a ganinta, sannan a ba da robar riƙewa da za a sa dare da rana na wata 3 zuwa 6, daga nan da dare kawai, shekara da shekaru. Ga mai nisa ina ba da shawarar a karɓi robar riƙewa biyu tun ranar cirewa. In ta yi kwanaki ba ta sa ba ta ji ta matse, ta sa ta wuni da kwana har ta saki. In ta ƙi shiga gaba ɗaya kada ta tilasta, a aiko hoto a sake awo.